Kasuwa da Dandali a Ƙasar Ruma: Waiwaye kan Sana'o'i da Masu Wasa da Suka Shuɗe



 

Abin da za a yi magana a kansa a wannan lacca shi ne wuraren ciniki da sana'o'i da masu wasanni waɗanda suka yi tashe a ƙasar Ruma tun daga farkon ƙarni na 20 har zuwa ƙarshensa, waɗanda yawancinsu yau ba su da sauran mazauni sai zukatan dattawa. Kalmar dandali, wadda asalinta filin da samari da 'yammata ke haɗuwa da dare ne don kiɗa da wasa, an faɗaɗa ta a nan ta haɗa da fagen dambe da gefen kasuwa da ƙofar gidan biki, wato duk inda mai wasa ke tsayawa jama'a su kewaye shi. Maganar da laccar ke son tabbatarwa ita ce, kasuwa da dandali a ƙasar Ruma Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, abin da ya ciyar da ɗaya shi ya ciyar da ɗayan, abin da ya kassara ɗaya kuma bai bar ɗayan ba, sannan labarinsu yana cikin haɗarin ɓacewa fiye da kowane lokaci saboda tarwatsewar mutanen da ke riƙe da shi. Za a bi maganar a batutuwa shida.

Batu na 1: Tarihin da aka rubuta da wanda aka bari

Idan aka ce Ruma, ana nufin tsohon garin nan da kuma ƙasar da ta ɗauki sunansa a yammacin Katsina, wadda ta jingina da dajin Rugu, tana da Jibiya da iyakar Nijar a arewa, Zamfara kuma tana bayan dajin. Bayan jihadi, lokacin da sarakunan Haɓe na Katsina suka ja arewa suka kafa Maraɗi, wannan yanki ya zama bakin daga tsakanin ɓangarorin biyu, garuruwa da dama suka tashi a ƙarni na 19, daji ya rufe kufansu, kuma a cikin wannan yanayi ne aka sami mayaƙa irin su Ɗanwaire, wanda har gobe ba a ambaton Ruma ba tare da an tuna da shi ba. Sai bayan shigar Turawa Katsina a 1903, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, hare-hare suka lafa, mutane suka koma sarar daji suna kafa gonaki da ƙauyuka da kasuwanni.

Wannan ɓangare na sarauta da yaƙi ya sami marubuta, kuma littafin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, The Transformation of Katsina, wanda ya fito a 1981, ya nuna irin abin da za a iya ginawa idan aka haɗa takardu da hirar dattawa. To amma wa ya rubuta sunan Sarkin Fawan da ya riƙe mahautar Batsari a shekarun 1950? Wa ya san wanda ya fara kawo keken ɗinki Safana, ko wanda ya fara kafa injin niƙa a Runka ko Wagini? Aiki mafi kusa da wannan shi ne na wata Baturiyar Ingila mai nazarin tattalin arziki, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa a 1967 ta bi gidajen manoma tana tambayar abin da suke nomawa da saye da sayarwa, ta fitar da littafin Rural Hausa a 1972. Batagarawa maƙwabciya ce, amma Batagarawa ba Ruma ba ce, domin ba ta da daji a bayanta, ba ta kuma da yawan makiyayan da suka sa cinikin wannan yanki ya ɗauki kamanninsa.

Batu na 2: Ciniki hawa uku

Cinikin da dattawan yau ke tunawa hawa uku ne, kowane ya hau kan na ƙarƙashinsa ba tare da ya danne shi nan take ba. Hawa na farko shi ne na sana'o'in gado: maƙera da masaƙa da marina da majema da dukawa da masassaƙa da magina tukwane da wanzamai da mahauta, tare da 'yan koli, wato masu yawo kasuwa-kasuwa da ƙananan kaya irin su allura da zare da kwalli da madubi da tsakiya, da kuma fatake masu jakuna da ke kawo kanwa da gishiri daga arewa, goro daga kudu. A cikin gidaje kuwa akwai wata kasuwar da ba ta da rumfa ko ɗaya, ta mata masu kaɗi da mazari, da masu matsar man gyaɗa da toya ƙuli-ƙuli, da masu daddawa da fura, waɗanda 'ya'yansu ke kai musu kaya talla, ga matan Fulani da ƙoren nono da man shanu suna shigowa daga rugage da hantsi.

Hawa na biyu ya zo da gyaɗa da auduga. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma da wannan ne kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da G.B. Ollivant da CFAO na Faransawa, da Kwarori, wato 'yan kasuwar Siriya da Labanan, suka buɗe kantuna a manyan garuruwa, suka riƙa isa ƙauyuka ta hannun wakilai da 'yan baranda. Ya kamata a tsaya a dubi wurin awon gyaɗa da kyau, domin a nan ne kuɗin shekara ke shiga ƙasa. Manomi ya ɓare gyaɗarsa, matan gida sun sheƙe ta, ya ɗora wa jaki, ya iso inda aka rataye sikeli a inuwar bishiya ko rumfar kara. Akawu yana zaune da littafi da alƙalami, wani yaro yana soka hannu cikin buhu yana duba tsakuwa da danshi, 'yan dako suna jibge buhuna har su yi tsibi kafin babbar mota ta zo. Manomin bai iya karanta lambar da ke jikin sikeli ba, abin da aka faɗa masa shi ne nauyin kayansa. Daga nan sai ya ƙulle sulallansa a bakin zane ko cikin lalita, ya fara da haraji, ya biya bashin da ya ci da damina, sannan ya nufi mai tebur ya yanki akoko ko alawayyo, waɗanda yadudduka ne marasa tsada na wancan zamani, ya sayi kananzir da ashana da sabulu da atamfar uwargida, idan kuma akwai 'yar da za a aurar, ya ƙara da langa da fanteka na jere.

Saboda ɗalibai, yana da kyau a fayyace kuɗin da ake magana. Anini goma ne kwabo ɗaya, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin kuma fam guda, har zuwa ranar 1 ga Janairu 1973 da aka shigo da naira, fam ɗaya ya koma naira biyu. Wanda ke cewa ba shi da ko anini ko sisin kwabo a yau, yana ɗauke da tarihin wannan kasuwa a bakinsa ko da bai taɓa ganin kuɗin da huda a tsakiya ba.

Hawa na uku shi ne wanda masu shekara hamsin da sittin a wannan zaure suka buɗe ido a cikinsa, kuma shi ya fi saurin tashi da saurin faɗuwa. Akwai mai hayar keke, wanda ke jera Raleigh a gindin bishiya yana ƙidaya lokaci da agogon hannu, yaro ya biya ya hau ya dawo da gwiwa a goge. Akwai mai gyaran rediyo da mai gyaran agogo da mai gyaran fitilar ƙwai. Akwai mai hoto da labulensa mai zanen bene da furanni, wanda sai an jira kwanaki kafin ya wanko. Akwai mai rubuta wasiƙa, wanda ya san sirrin rabin gari saboda ta hannunsa saƙon 'yan cirani ke fita da shigowa. Daga baya aka sami mai kaset, wanda ke ɗaukar waƙa daga wani kaset zuwa wani, lasifikarsa tana cika layi guda na kasuwar Alhamis ta Batsari, sannan gidan kallo mai bidiyo da janareta. Ko akwai wanda ya ajiye littafin bashi na ɗaya daga cikin waɗannan mutane? Da za a same shi, da ya fi takardun ofis da yawa bayyana yadda talaka ya rayu.

Batu na 3: Masu wasa

A ƙasar Hausa kiɗa ba ya yawo shi kaɗai, kusan kowace sana'a tana da nata. Kalangu na mahauta ne, kuma a kasuwar da, jin sautinsa daga wajen mahauta sanarwa ce cewa an yi yanka, ta yadda mai kalangu ke matsayin mai talla, ladansa kuma tsoka ce da 'yan kwabbai. Gangar noma ta manoma ce a wajen gayya, dundufa ta maƙera, garaya da goge na 'yan bori, taushi da kotso da jauje na fada, ƙwarya da shantu kuma na mata a cikin gida. Manazarta biyu, David Ames da Anthony King, sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da wuraren da ake amfani da su a wani littafi da ya fito a 1971, kuma shi King a Katsina ya yi aikinsa, saboda haka wanda ke son auna abin da ya ɓace yana da ma'auni a hannu.

Bayan makaɗa akwai masu wasan gefen kasuwa, waɗanda ke bayyana idan rana ta karkata ciniki ya fara sanyi. Ɗan kama, alal misali, mai barkwanci ne da ke shigar malamai, ya naɗa rawani ya gyara murya kamar zai buɗe karatu, jama'a su yi tsit, sai a ji duk abin da yake jerowa da karin karatu bai wuce tuwo da miya da romo da yadda aka zalunce shi a rabon nama ba; dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin girman muryar da ƙanƙantar abin da ake faɗa, kuma malaman da ake kwaikwayo su ma sukan murmusa su wuce. 'Yan gambara sun fi shi kaifin baki, domin zambo da batsa ne jarinsu, mai rowa kuma yakan biya su don su yi shiru. Akwai gardawa masu wasa da kura da macizai suna sayar da maganin sara da harbi, da 'yan hoto masu cilla galma sama su tare ta da jiki, da 'yan tauri masu gwada wuƙa a fatarsu, da 'yan dabo. Da kaka kuma ga dambe da kokawa, ga kalankuwa, wato bikin samari da 'yammata na bayan girbi inda ake kwaikwayon sarauta da shari'a, ga sharon Fulani a bakin daji.

Waɗanda sunansu ya tsira su ne waɗanda na'ura ta kama muryarsu. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya taɓa tallan goro kafin waƙa ta ɗauke shi, ya karɓi digirin girmamawa daga Jami'ar Ahmadu Bello a 1988, ya rasu a 1999, an kuma rubuta tarihinsa a littafin Shata Ikon Allah da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da kiɗan ƙwarya daga tsakar gida zuwa bainar jama'a, tana kwaɗaitar da mata kama sana'a. Akwai Sarkin Taushin Katsina a fada, akwai Kassu Zurmi a hayin dajin nan yana yi wa 'yan tauri da mafarauta, akwai Ɗan Anace da ya ɗaukaka 'yan dambe irin su Shago, akwai Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, wanda har karen mota bai raina ba wajen yi masa waƙa. Mutanen Ruma sun san waɗannan duka, wasu ido da ido, yawanci ta Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, inda kuma suka saba da ɗan wasan kwaikwayo Samanja, kamar yadda suka san Kasagi, wato Umaru Ɗanjuma Katsina, marubucin Kulɓa Na Ɓarna. Kafin rediyo ta yawaita akwai majigi, motar gwamnati da ke kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi da dare ta nuna finafinan wayar da kai irin su Baban Larai, mai koyar da noman auduga.

Sai dai waɗannan mashahurai kan tulu ne kawai. A ƙarƙashin kowane Shata akwai ɗaruruwan masu kalangu na ƙauye waɗanda suka raka amare, suka zuga manoma, suka riƙe kirarin kowane gida a ka, ba wanda ya taɓa miƙa musu makirufo. Ina sunayensu? Mai kalangun ƙauye shi ne ma'ajiyar asalin mutane, ya san wanda ya haifi wane da garin da kakansa ya baro, saboda haka rasuwarsa ba tare da magaji ba daidai take da gobara a ɗakin ajiyar takardu.

Batu na 4: Igiyar da ta ɗaure su, da yadda ta tsinke

Igiyar ita ce kuɗin kaka. Da bazara da damina hannun manomi a bushe yake, sai an girbe an auna sannan kuɗi ke zagayawa, a lokacin ne ake ɗaurin aure da kalankuwa da dambe, a lokacin ne tela ke kwana a kan keke, mahauci ya ƙara yanka, mai hoto ya ƙare fim. Sulen da ya fito daga wurin awo yakan bi ta hannun mai tebur da tela da mahauci, ya ƙare a goshin makaɗi, shi kuma ya mayar da shi kasuwa washegari. Makaɗi yana buƙatar attajiri don kyauta, attajiri yana buƙatar makaɗi don suna, domin a zamanin da babu allon talla, bakin mawaƙi ne ke kai sunan ɗan kasuwa ko direba garin da ƙafarsa ba ta taka ba.

Bugun farko shi ne farin 1972 zuwa 1974, sannan a 1975 wata cuta da ke tsugunar da gyaɗa ta hana ta 'ya'ya, wadda wani ɗan ƙwaro mai tsotson ganye ke yaɗawa, ta lalata amfanin Arewa, kuma daga nan dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake komawa yadda take ba. Kuɗin man fetur ya ja samari zuwa birane, annobar shanu ta 1983 ta taɓa makiyaya, a 1986 kuma gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar naira ta faɗi, wuraren awo suka zama kango. Mutanen wannan yanki sun nemi mafita a rogo da dankali da hatsi da dabbobi, kuma Batsari ta yi suna da su, amma cinikinsu bai zo da tsarin lokaci guda irin na gyaɗa ba. A gefe guda kayan masana'anta suna cin sana'o'in gado ɗaya bayan ɗaya: roba ta kori ƙwarya da tulu, yadin kanti ya rufe karofi da masaƙa, babur ya kashe hayar keke, wayar salula kuma, wadda ta shigo a 2001, ita kaɗai ta haɗiye mai wasiƙa da mai hoto da mai agogo da mai kaset.

Dandali ya sha nasa bugun daga wani ɓangaren. Wa'azi ya ƙaru a kan bori da kaɗe-kaɗe da cuɗanyar maza da mata, musamman daga ƙarshen shekarun 1970, Jihar Katsina kuma ta ƙaddamar da shari'a a 2000. Ba aikin wannan lacca ba ne ta yanke hukunci a kan abin da malamai suka fi ta sani, abin da ya shafe ta kawai shi ne 'ya'yan makaɗa da yawa sun ajiye gangar gado da kansu. Gidan biki ma ya gano cewa hayar lasifika ta fi ciyar da ƙungiyar makaɗa araha.

Bugu na ƙarshe kowa a nan ya san shi fiye da mai lacca. Dajin da gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe don kiwo a shekarun 1960 da sunan Ruma-Kukar Jangarai, wanda ya sa Runka ta zama cibiyar makiyaya, shi ne ya koma maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. A watan Fabrairu 2020 an kashe mutum talatin a ƙauyukan Tsauwa da Dankar, Allah ya jiƙansu. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Dandali ɗan dare ne da farin wata. Wace uwa ce za ta bar 'yarta ta fita gaɗa a garin da ake kwana da kunne ɗaya?

Batu na 5: Tace begen da

Wanda zai tattara irin wannan tarihi dole ya riƙe rariya, domin bege yakan yi wa da kwalliya. Dattijo zai ce a zamaninsu da sisi ake cika tiya, kuma gaskiya ya faɗa, amma sai an tambaye shi sannan zai tuna wahalar da ake sha kafin sisin ya shigo hannu. Sikelin da ake begensa an yi ha'inci da shi, hukumar sayen amfanin gona ta daɗe tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya tana gina birane da rarar, harajin da ke cinye kuɗin kaka kuwa sai a 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke shi a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 1987. Makaɗin da ake yabo yau, a jiya maroƙi ake ce masa, gidaje da yawa ba sa ba shi aure, kuma da dama sun tsufa ba su da ko rumbu guda.

Haka nan ba kowace sana'a ce ta mutu ba, wasu riga suka sake. Jikan mai kaset shi ne mai tura waƙoƙi a waya, mai cajin waya ya gaji mai gyaran rediyo, ɗan acaɓa ya gaji mai hayar keke, dambe kuwa ya ƙara kasuwa a birane har ana kallonsa a intanet. Mai bincike da ya shiga ƙauye da niyyar makoki kawai, zai wuce waɗannan bai gan su ba.

Batu na 6: Turakun tunani, da aikin da ke jira

Akwai darasi a wata ƙasa mai nisa. Guyana ƙasa ce a Kudancin Amurka da Ingila ta mallaka har zuwa 1966, inda kamfanin Booker ya mamaye rake da kantuna da sufuri fiye da yadda UAC ta yi a nan, har gwamnati ta karɓe shi a 1976. Ɗimbin mutanenta sun yi ƙaura zuwa Amurka da Kanada da Ingila, kuma abin lura shi ne, da suka tashi rubuta kewar gida, sunayen kantuna da gidajen sinima na birnin Georgetown da mawaƙa da 'yan barkwanci suka riƙa jerawa, layi-layi, kamar yadda ɗaya daga cikinsu, Godfrey Chin, ya yi a rubuce-rubucensa da aka tara a littafi. Dalili kuwa shi ne, tunanin ɗan Adam kamar dabba yake, sai da turke. Mutum yakan tuna shekara ta hanyar tuna rumfar da ya zauna da kiɗan da ya ji.

Bambancin shi ne, su suna da jaridu da hotuna da fayafayai da za su koma gare su, turakun mutumin Ruma kuwa tsamiyar kasuwa ce da dutsen da mahauta ke wasa wuƙa da filin da aka yi kalankuwa. Tsohuwar da aka raba da ƙauyenta, take zaune a ɗakin aro a Batsari ko Katsina ko Maraɗi, ta rabu da abubuwan da ke tayar mata da labari, ta kuma rabu da tsararrakin da za su gyara mata idan ta yi kuskure. Ƙasar nan ta taɓa ganin haka a ƙarni na 19, kuma abin da ya tsira daga wancan tashin bai wuce sunayen mayaƙa da na kufai ba. Na masaƙa da makaɗan waɗancan garuruwa sun tafi har abada.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, tunda wayar da ta kashe mai kaset tana iya ɗaukar murya. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, waɗanda kowace shekara ke neman abin da za su rubuta kundi a kansa, za su iya ɗaukar kasuwa ɗaya ko zuriyar makaɗa ɗaya. Dabarar da ta fi amfani ita ce a haɗa dattawa biyu ko uku, a roƙe su su zana kasuwar da a ƙasa da tsinke, su bi ta rumfa-rumfa suna faɗin mai ita da abin da yake sayarwa da inda ya fito da wanda ya gaje shi, domin gardamar da za ta tashi tsakaninsu ita ce ke fito da gaskiya. A riƙa ɗaure kowane labari da abin da aka san shekararsa, kamar canjin kuɗi na 1973 ko rasuwar Sarki Usman Nagogo a 1981. A tura ɗalibai mata wajen iyaye mata, tunda kasuwar cikin gida ba ta buɗuwa ga baƙo namiji. A nemi izini kafin ɗauka, a kiyaye abin da zai tona asirin wani gida ko ya jefa mai magana cikin haɗari, a ɗauki hoton tsohon sikeli da kalangu da rasit da hoton aure a bar wa masu su kayansu, sannan a ajiye kwafi a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, wani kuma a fadar hakimi, inda jikokin masu labarin za su iya zuwa su saurara.

A nan mai lacca zai dakata.  Fili a buɗe yake don tambayoyi da gyara, kuma yana roƙon shugaban taro ya fara ba dattawa dama, musamman duk wanda ya taɓa kai gyaɗa wurin awo ko ya taka rawa a kalankuwa. Allah ya zaunar da ƙasar Ruma lafiya, ya mayar da kowa gidansa.